Yadda Ake Shirya Tafiyar Ayari Zuwa Bikin Oktoberfest na Munich

Duk wanda yake bibiyar ƙwallon Jamus ya taɓa ganin hoton 'yan wasan Bayern Munich sanye da gajeren wandon fata, suna zaune a kan benci, kowa da ƙaton kofin gilashi a gabansa. A bikin Oktoberfest ake ɗaukar wannan hoto, bikin da mutanen Munich suke kira Wiesn, daga sunan filin Theresienwiese inda ake yin sa. Asalinsa bikin aure ne. A ranar 12 ga Oktoba, 1810 aka ɗaura auren yarima mai jiran gadon Bavaria (yankin da Munich take babban birninsa), Ludwig, da gimbiya Therese, aka gayyaci mutanen gari, aka rufe shagalin da sukuwar dawaki a wani fili da ke bayan gari, sannan aka raɗa wa filin sunan amarya. Yau mutane wajen miliyan 6 ne suke zuwa a kowace shekara, a 2023 ma sun kai miliyan 7.2, kuma wanda zai jagoranci mutum goma ko ashirin cikin irin wannan cunkoso ba zai bar shiri sai an sauka daga jirgi ba.

Abu na farko da jagoran ayari zai yi, tun kafin a yi maganar kuɗin jirgi, shi ne ya tara mutanensa a faɗi gaskiya game da giya, domin ita ce ginshiƙin wannan biki, kuma babu amfanin a ɓoye wa kowa. Kamfanoni shida na Munich kaɗai aka yarda su sayar da giyarsu a filin, wato Augustiner da Hacker-Pschorr da Hofbräu da Löwenbräu da Paulaner da Spaten, kuma ana zuba ta ne a kofin da ake kira Maß, mai cin lita ɗaya cur. Giyar bikin ta fi ta kullum ƙarfi, tana da barasa kusan kashi 6 cikin ɗari, saboda haka wanda ya sha kofi biyu ya sha abin da ya kai kwalba huɗu manya. Jamusawa suna alfahari da dokar da aka kafa a garin Ingolstadt a 1516, wadda ta ce ba a haɗa giya sai da ruwa da sha'ir da wani fure mai ɗaci da suke kira Hopfen, kuma za ku ji ana ambaton wannan doka a duk inda kuka zauna. Idan akwai masu sha a cikin ayarin, a yi musu ƙa'ida tun a gida: a ci abinci kafin a fara, a riƙa sa ruwa tsakanin kofi da kofi, kuma kada wanda ya sha ya koma masauki shi kaɗai ko ya hau babur ɗin haya mai lantarki, domin dokar tuƙi cikin maye ta shafe shi kamar yadda ta shafi mai mota.

Mafi yawan ayarin da zai taso daga Kano ko Yamai ko Kumasi ba ya shan giya, kuma nan ne ake bukatar sanin sunayen abin sha da kyau. Spezi haɗin kola ne da lemon zaƙi, Apfelschorle kuwa ruwan tuffa ne da aka sirka da ruwa mai gas, dukansu babu barasa a ciki, kuma ana kawo su a manyan kofuna. Radler dai giya ce da aka sirka da lemo, ko da yake sunan bai nuna haka ba, kuma baƙi da yawa sukan ɗauka lemo ne zalla. Akwai kuma giyar da aka rubuta mata alkoholfrei, wadda dokar Jamus ta yarda ta ƙunshi barasa har zuwa kashi 0.5 cikin ɗari, sai wadda aka rubuta mata 0,0 da babu komai a cikinta. Wani zai ce ko zama a teburin da ake shan giya ba ya yi, kuma wannan matsayi ne da ya kamata a girmama ba tare da zolaya ba. Irin wannan mutum yana da abin kallo mai yawa a wajen rumfunan da ake zama a ci a sha a filin, sai dai a san da shi tun farko, kada a biya masa kujerar da ba zai zauna a kai ba.

Sunan bikin yana ruɗar mutane, domin yawancin kwanakinsa a watan Satumba suke. Ana buɗewa ranar Asabar bayan tsakiyar Satumba, a rufe ranar Lahadin farko ta Oktoba, ko ranar 3 ga Oktoba idan Lahadin ta riga ta zuwa, wato kwana 16 zuwa 18. A 2024 an fara ranar 21 ga Satumba aka gama ranar 6 ga Oktoba. Shawarata ita ce ayari ya sa ranar shiga rumfa tsakanin Litinin da Alhamis, da hantsi ko da azahar. Ranakun Asabar rumfuna sukan cika tun kafin rana ta yi tsaka, a rufe ƙofofi, mutane su yi ta tsayuwa a waje, kuma ƙarshen mako na tsakiya ya yi suna da cunkoson baƙi daga Italiya. Ranar Talata ita ce ranar iyali, ana rage kuɗin lilo da sauran wasanni, saboda haka ita ta fi dacewa da masu yara. Amma duk da haka a tsara tafiyar yadda Lahadin farko ta bikin za ta same ku a Munich, saboda dalilin da zan zo kansa.

Maganar biza ita ce ta fi wargaza irin wannan tafiya, domin kowane mutum da kansa ake duba takardunsa, ba a matsayin ayari ba. Bizar Schengen ake nema, wato bizar haɗin gwiwa ta ƙasashen Turai da dama, kuɗinta yuro 90 ga babba tun daga Yunin 2024, kuma ana iya shigar da takardu tun wata shida kafin tafiya, saboda haka a fara neman ranar ganawa tun watan Afrilu. Fasfo ya zama yana da sauran aƙalla wata uku bayan ranar dawowa, da shafi biyu da ba a buga komai a kai ba, sannan a haɗa da inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000, da shaidar masauki da ta jirgi, da bayanan asusun banki, da takardar wurin aiki ko ta kasuwanci. Jamus tana da ofishin jakadanci a Abuja da ƙaramin ofishi a Legas, haka nan a Yamai da Accra da Yaounde, kuma shafin ofishin da ya shafe ku ne zai nuna inda ake miƙa takardu. Tunda ana iya ba wa wasu a hana wasu, kada ma'ajin ayari ya biya wani abu da ba a mayar da kuɗinsa sai bizar kowa ta fito, kuma a rubuta tun farko yadda za a yi da kuɗin wanda aka hana, domin zumunci da yawa ya lalace a kan abin da bai kai wannan ba. A kuma gaya wa kowa cewa ba a shiga Tarayyar Turai da nama ko madara daga waje, wato kilishi da dambun nama da man shanu su tsaya a gida, kuma wanda ya riƙe tsabar kuɗi da suka kai yuro 10,000 dole ne ya bayyana wa kwastan.

Lufthansa tana tashi daga Abuja da Legas zuwa Frankfurt, daga can a sake jirgi ko a hau jirgin ƙasa mai sauri na wajen awa uku da rabi zuwa Munich. Wasu kuma sukan bi ta Istanbul. Kuɗin otal a cikin Munich yakan ninka a kwanakin bikin, shi ya sa ayari mai lissafi yake sauka a garuruwan kusa irin su Augsburg ko Freising ko Rosenheim, inda jirgin ƙasa yake kawo mutum cikin ƙasa da awa ɗaya. Tikitin da ake kira Bayern-Ticket yana ɗaukar har mutum biyar a jiragen yanki na tsawon yini, daga ƙarfe 9 na safe a ranakun aiki, don haka a raba ayarin biyar-biyar, kowane rukuni da mai riƙe tikitinsa, kuma a rubuta sunayen matafiya a kai. Babu shinge a tashoshin Jamus, mutum yana iya shiga jirgi ba wanda ya tare shi, amma idan masu bincike suka same shi babu tikiti tarar yuro 60 ce. Layukan ƙarƙashin ƙasa U4 da U5 suna tsayawa a bakin filin, sai dai tashar takan cushe. Ya fi sauƙi a sauka a Goetheplatz ko Hackerbrücke a ƙarasa da ƙafa.

Shiga filin kyauta ne, shiga rumfa ma kyauta ne, abin da ake wahala a kansa shi ne wurin zama. Manyan rumfuna 14 ne, wasunsu suna ɗaukar mutum dubu shida ko fiye a ciki, ga kuma ƙanana wajen ashirin, kuma ba a kawo wa mutum abin sha sai yana da wurin zama. Mutum biyu ko uku suna iya raɓawa a gefen bencin wasu, amma mutum goma ba za su samu wuri tare ba sai sun kama tebur tun da wuri. Kowace rumfa ita take karɓar nata ajiyar a shafinta na intanet, galibi daga watannin bazarar Turai, kuma tebur guda ake kamawa na mutum takwas zuwa goma. Ba a biyan kuɗin teburin kansa, sai dai a sayi takardun cin abinci tun kafin a zo, yawanci na kofi biyu da rabin kaza ga kowane mutum. A tambayi rumfar a rubuce ko takardar giya tana karɓuwa a kan lemo. Teburan dare da na ƙarshen mako tsofaffin abokan ciniki ne suke gaje su shekara da shekaru, wanda hakan bai cuci baƙo ba, tunda na rana ne ya fi masa. A guji masu sayar da tebur a hannu na biyu da tsada, domin rumfuna suna soke irin wannan ajiya idan suka gano. A isa a kan lokaci kuma, saboda idan aka makara kaɗan za a ba wa wasu teburin. A 2024 kofin giya ya kama daga yuro 13.60 zuwa 15.30, litar ruwa ma ta kai wajen yuro 10, kuma tsabar kuɗi ta fi tafiya da sauri a cikin rumfa. Ma'aji ya riƙe kuɗin tebur a hannu ɗaya, ya riƙa ƙara wa mai hidima ɗan tukuici a kowane zagaye. Wanda ya ga mace ɗaya ta rungumo kofuna goma a ƙirjinta, kowanne ya haura kilo biyu, tana ratsa cunkoso ba ta zubar ba, ba zai ji ƙyashin yuro ɗaya ko biyu ba.

Abincin Bavaria ya dogara sosai a kan naman alade, kuma kalmar da kowa zai haddace ita ce Schwein. Schweinshaxe ƙafar alade ce gasasshiya, Schweinsbraten gashinsa ne, amma haɗarin ya fi yawa a abincin da sunansa bai faɗi komai ba. Farar tsiren hanji da ake kira Weißwurst, wadda ake ci da safe, naman maraƙi ne haɗe da kitsen alade. Leberkäse ma akwai alade a ciki. Speck da ake barbaɗawa a kan dankali ko kabeji shi ma alade ne. Obatzda, cukun da ake kwaɓawa da man shanu da jan barkono mara yaji, sau da yawa ana ɗiga masa giya, kuma romon da ake zubawa a kan gasasshen nama shi ma akan dafa shi da baƙar giya, sai an tambaya. Gasasshiyar kaza, Hendl, ita ce abincin da aka fi saye a bikin, kuma rumfar Ochsenbraterei tana gasa sa sukutum a kan ƙarfe tun 1881, har da allo da ake rubuta sunan san da ke kan wuta da nauyinsa, sai dai wanda ba ya cin yankan da ba na Musulmi ba ya san cewa waɗannan ba yankan halal ba ne, kowa ya bi abin da malaminsa ya karantar da shi.

Mafita mafi daɗi ita ce kifi. A gaban rumfar Fischer-Vroni akwai dogon ramin gawayi inda ake jera kifi a soke da sanda, kai a ƙasa, ana shafa masa mai da kayan ƙamshi har fatarsa ta yi ƙamas, sannan a naɗe maka shi a takarda ka ci da hannu, kamar yadda ake cin gashin kifi a bakin kogi a Yawuri. Steckerlfisch ake ce masa. A haɗa shi da Brezn, burodin nan mai lanƙwasa da gishiri a kai, wanda na bikin ya kai girman faranti. Käsespätzle taliya ce 'yar gajera da cuku da soyayyar albasa, tana riƙe ciki sosai. Kaiserschmarrn kuwa wani irin fanke ne da ake yayyagawa a barbaɗa masa sukari, amma wasu suna jiƙa zabibinsa da barasa, don haka a tambaya. Wanda ya ƙosa da cuku ya fita ta kudancin babbar tashar jirgin ƙasa, titunan Goethestraße da Landwehrstraße cike suke da gidajen abincin Turkawa da Larabawa da mahautan halal, kuma tafiyar minti goma sha biyar ce daga filin.

Dalilin da ya sa na ce Lahadin farko ta same ku a gari shi ne jerin gwanon kayan gargajiya da na maharba, wanda a ganina ya fi komai a bikin. Mutum kusan 9,000 ne suke tafiyar kilomita bakwai daga tsakiyar gari zuwa filin, ƙungiya bayan ƙungiya, kowane ƙauye da irin hularsa da ɗinkin rigarsa, ga masu busa ƙaho da masu ganga, ga manyan dawakan kamfanonin giya da aka yi wa ado suna jan amalanken ganguna. Wanda ya saba kallon hawan daushe zai gane tsarin nan take, domin kowace tawaga da tutarta da makaɗanta take wucewa. A fito da wuri a kama gefen titi, ba a biyan komai sai ga mai son kujerar dandamali. Ranar Asabar da ta gabace ta kuma, da ƙarfe 12 na rana daidai, magajin garin Munich yake fasa gangar farko da guduma ta katako a rumfar Schottenhamel, al'adar da aka fara a 1950, kuma jama'a suna ƙirga bugu nawa ya yi kafin famfon ya shiga.

A cikin manyan rumfuna, da rana ne ake jin kiɗan ƙaho na gargajiya a hankali; da yamma ta yi sai makaɗa su koma waƙoƙin zamani, mutane su hau benci, hira ta gagara. Mai son al'ada ta gaske ya nufi ɓangaren Oide Wiesn a kudancin filin, wanda aka fara a 2010 lokacin cika shekara 200, a 2024 yuro 4 aka biya a shiga. A can ne ake rawar Schuhplattler, inda maza suke dukan cinyoyinsu da tafin takalmansu da hannu bisa kiɗa, suna tsalle suna juyi, mata kuma suna jujjuyawa har siket ya buɗe kamar lema. A can ne kuma masu bulala, Goaßlschnalzer, suke hawa kan tebura a tsakiyar masu cin abinci, su riƙa kaɗa dogayen bulalai a saman kawunan jama'a, ƙarar tana fita ɗaya bayan ɗaya daidai da kiɗan akodiyan. Asalin abin daga masu amalanke ne, da kowa yake da irin ƙarar bulalarsa da ake gane shi da ita. Ba dole ba ne baƙo ya sa Lederhose, wato gajeren wandon fata na maza, ko Dirndl, rigar gargajiya ta mata, kuma na fi ganin mutuncin wanda ya zo da kaftani da hula da rigar sanyi a ciki a kan wanda ya sayi wandon roba mai arha a tasha. Macen da ta zaɓi sa Dirndl ta san cewa ɗaurin ɗamarar gaba yana da ma'ana: a dama mai aure ce ko mai alkawari, a hagu kuwa ba ta da kowa.

Ba a shiga filin da jakar da ta fi cin lita uku, ba a shan taba a cikin rumfa, ana hawa benci amma wanda ya hau tebur za a fitar da shi, kuma ɗaukar kofi a tafi da shi sata ce a idon doka, ga mai so ana sayar da shi a shagunan tsaraba. Yara 'yan ƙasa da shekara shida dole su bar rumfa kafin ƙarfe 8 na dare. Waya takan ƙi shiga saboda yawan jama'a, don haka a sa wurin haɗuwa da lokaci tun da safe, kuma kada a ce gindin babban mutum-mutumin Bavaria da ke gefen filin kawai, domin kowa can yake cewa. A zaɓi ƙofa ɗaya mai lamba, kowa kuma ya riƙe katin otal a aljihu. Lambar gaggawa 112 ce, ta 'yan sanda 110. Masu salla su tsara fita, tunda akwai ƙananan masallatai a unguwar tashar jirgi, ga kuma babbar cibiyar Musulunci ta Freimann da aka buɗe a 1973 ga mai son Juma'a. Yawancin shagunan Bavaria suna rufewa da ƙarfe 8 na dare, ranar Lahadi kuma ba sa buɗewa sam, saboda haka a yi cefane ranar Asabar.

Kwana ɗaya a rumfa da kwana ɗaya a jerin gwano sun ishi yawancin mutane, sauran kwanakin a fita. A lambunan giya irin na Hirschgarten mai kujeru 8,000, ko na hasumiyar Sin da ke cikin Englischer Garten, al'ada tun 1812 ta yarda mutum ya zo da abincinsa ya sayi abin sha kawai, a teburan da ba a shimfiɗa musu ƙyalle ba, wanda hakan ya ba ayari damar sayo gasasshen naman halal ya baje a ƙarƙashin itatuwa yana sauraron masu ƙaho. Ayarin da ya iya zuwa mako guda kafin buɗe bikin kuma ya nufi yankin Allgäu, inda a tsakiyar Satumba makiyaya suke sauko da shanu daga kiwon kan duwatsu, kowace da ƙatuwar ƙararrawa a wuya, a raba wa masu su a bakin ƙauye ana kiɗa. Viehscheid ake kiran ranar. A duba saniyar da ke gaba. Idan an ɗora mata kambin furanni da madubi, garken ya dawo ba a rasa ko ɗaya ba a wannan shekara.